Ragona Ba Gurgu Ba Ne, Intanet Ɗinku Ne Ba Ya Turawa

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya ja mini wayar intanet zuwa gidana a Yendi, ta hannun ofishinku na Tamale.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman ka saurare ni, ranka ya daɗe. Na sa takardar nan a fili ne domin na bi duk ƙofofin da kuka nuna mini, ban sami wanda ya ji ni ba.

Kafin in kawo kukana, ya kamata ka san mai maganar. A Salaga aka haife ni. Aji uku na yi a sakandare na fita, ba don na kasa ba, don babu mai biya. Na yi dakon doya a kasuwar Kpandai. Na yi kwandastan lori a hanyar Bimbilla. Da tumaki biyu na fara. Yau nakan sayo raguna a Bawku in cika mota, ina da garke a bayan gidan da na gina da gumina, na kai mahaifiyata Makka kafin Allah ya karɓe ta, 'ya'yana duk suna makaranta. Babu kawu, babu ubangida, babu banki. Na faɗi wannan ne don ka san ba mutumin da ya saba roƙo ba ne yake roƙonka yau.

Na ɗaya, abin da ya sa na ɗauki layinku. Sana'armu ta canza. Mai sayen ragon layya a Kumasi ba ya hawa mota ya zo ya duba, bidiyo yake so. Kuma bidiyon rago yana da ƙa'ida wadda kowane ɗan kasuwar dabbobi ya sani: a ɗauke shi gaba ɗaya, ba a yankewa. Ka fara da fuska, ka nuna ido biyu, ka buɗe baki a ga haƙora a san ya kai shekarun layya, ka nuna kunnuwa, ka shafa gadon baya a ga ƙiba, sannan ka ja shi ya yi tafiya ya dawo, kana ambaton sunan mai saye da bakinka. Layya ba ta yiwuwa da gurgu ko mai ido ɗaya, shi ya sa mai saye ba ya wasa da wannan. Gidana yana gangaren gari inda netwok ɗin wayar hannu ba ya kamawa da kirki. Da mutanenku suka zo talla, ni ne na farko a layinmu da na sa hannu, kuma tun daga ranar ba ku taɓa aiko mini da tuni kan biyan wata ba.

Na biyu, matsalar. Tun bayan ƙaramar Sallah, abin da ke shigowa yana shigowa kamar ruwan famfo. Uwargidana tana kallon wa'azi ba ya tsayawa ko sau ɗaya. Amma abin da zan tura ba ya fita. In sa bidiyon rago ɗaya bayan azahar, a kira la'asar da'irar nan ta kan fuskar waya tana ta juyawa, ƙarshe ta ce a sake gwadawa.

Na uku, abin da na yi, don kada a ce ban bi umarni ba. Na kira lambarku, wata baiwar Allah ta ce in kashe akwatin intanet ɗin da kuka kafa mini in kunna. Na yi. Na sake kira, wata ta ce in cire shi daga wuta in ƙirga talatin. Na ƙirga. Aka ce wayoyin gidan sun yi yawa, na karɓe na kowa na zuba a aljihun tebur, har da na surukata da ta zo jinya, abin da ban taɓa tunanin zan yi ba. Aka ce in matso kusa da akwatin, na zauna har gwiwata tana taɓa shi. Na sayi sabuwar igiya daga bango zuwa akwati. Daga nan na haɗiye girman kaina na je wurin maƙwabcina Malam Fuseini, mai koyar da kwamfuta a sakandare, dattijo ne mai haƙuri. Ya zo da kwamfutarsa ya haɗa ta da akwatin kai tsaye da waya, ya yi gwajin gudu a gabana sau uku. Wajen saukewa allurar ma'aunin ta miƙe, wajen turawa ta kwanta kamar ba ta da rai. Ya ce mini, Alhaji, ciwon ba a cikin gidanka yake ba, yana kan falwaya ko can wajensu.

Injiniyanku ya zo sau biyu. Zuwan farko bai kawo tsani ba. Zuwa na biyu ya hau, ya sauko ya ce ruwa ya shiga mahaɗar waya, kayan gyara kuma suna Tamale. Kafin ya tafi ya ba ni shawara: in riƙa yanka bidiyon guntu-guntu, ƙanana za su fi saurin wucewa.

Na huɗu, kuma nan ne abin da ke ci mini rai. Na bi shawararsa. Ni da na san ƙa'ida, ni da na koya wa wasu ita, na yanka bidiyo. Laifin wannan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma mutum ne sanye da rigar kamfaninku ya faɗa da ƙarfin gwiwa, ni kuma na rasa yadda zan yi. Wanda na tura wa shi ne Alhaji Dauda na Kumasi, wanda ke saya wa dattawan unguwarsu ragunan layya a wurina shekara da shekaru, bai taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Guntun haƙora ya isa. Guntun ido ya isa. Na tafiya, da yake ya fi tsawo, ya maƙale. Alhaji Dauda ya nuna wa dattawan abin da ya samu, ɗaya daga cikinsu ya ce a gaban jama'a, wanda ya nuna baki ya ɓoye ƙafa ya san abin da ya ɓoye.

Da labarin ya iso ni, na ce a yi kiran bidiyo kai tsaye daga garke, su gani da idonsu. Ranka ya daɗe, da ma ban yi ba. Ni ina ganinsu tar, har zaren hular Alhaji Dauda ina iya ƙirgawa. Su kuma hoton nawa yana zuwa musu yana tsayawa yana tsalle. Na ja babban farin ragona, wanda ya fi kowanne lafiya a garken, yana tafiyarsa ta ƙasaita, a can kuwa suna ganin ya taka ya cije, ya taka ya cije. Da kunnena na ji wani yana cewa, ai ga shi nan yana ɗingishi. Na rantse, na ɗaga murya, muryar ma guntu-guntu take isa.

Washegari na hau mota zuwa Tamale da wayata, na tura cikakkun bidiyon daga can, suka tafi kafin in gama shan koko. Amsar da na samu daga dattawan ita ce, wai an kwana ana yi wa rago magani sannan aka sake ɗauka. Alhaji Dauda mutumin kirki ne. Ya ce mini, ɗan'uwa, ni na yarda da kai, amma kuɗin ba nawa ba ne, kawo mini abin da zan nuna musu. Ya ba ni zuwa ganin watan Zulhajji. In ya wuce, zai nemi wani a Savelugu.

Raguna ba su dame ni ba, za su sayu a wani wuri. Abin da ba ya sayuwa shi ne a ce a zangon Kumasi na yi ƙoƙarin sayar wa Musulmi gurgun rago ya yi ibada da shi. In rago ya yi ciwo na san ganyen da zan nema. In mota ta lalace a dajin Bawku na san yadda zan kai gari. Wannan kuwa ban san inda zan kama ba. Ina zaune ina kallon fitilun akwatin nan suna ƙyaftawa, ban san abin da suke faɗa ba.

Na biyar. Da na je Tamale na shiga ofishinku in nemi takardar shaida. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce babu wani ƙorafi a kan layina. Duk kiran da na yi, da zuwan injiniya biyu, babu ko ɗaya a rubuce. Ya tambayi lambar akwatina sau uku, bai tambayi sunana ba. Ya ce ba a ba da takarda kan matsalar da ba ta cikin littafi.

Saboda haka ga buƙatuna. Ku aiko a canza mahaɗar nan ta kan falwaya, mai zuwa ya zo da tsaninsa da kayansa. Ku faɗa wa injiniyoyinku su daina ba da shawara a sana'ar da ba su sani ba. Sannan, kafin wata ya tsaya, ku ba ni takarda mai hatimin kamfani, layi uku ma sun isa, cewa tun bayan ƙaramar Sallah layina ba ya turawa yadda ya kamata, kuma matsalar daga wajenku take. Ban nemi diyya ba, ban nemi ragi ba.

Allah ya ja zamaninka, ya yi wa iyalinka albarka, ya karɓi layyarka ta bana. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka faɗi gaskiya ta isa ga mutane a karye.

In ma gyaran ba zai samu da wuri ba, abu ɗaya ba zan bari ba. A buɗe littafin ƙorafinku a rubuta cewa na zo, na kuma faɗa. Dattawan Kumasi ba su san lambar akwati ba, mutum suka zarga. Don haka a littafin da a takardar, sunana nake so a rubuta cikakke, kamar yadda yake a ƙasan nan.

Wassalam, na bar ku lafiya.

Alhaji Mumuni Isaka Salaga,
mai sayar da raguna, Yendi.