Keken Ɗinkin Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka koma lafiya ka tarar da iyali lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, don a duniya dai ban taɓa ganin ta zauna hannu sake ba.

Na gama kwashe ɗakinta. Auta, matar nan da muka yi ta aika wa atamfofi, ko ɗaya ban tarar ba, ashe duk ta rabar. Abin da na samu buhunan ƙyallaye ne a ƙarƙashin gado, kowane launi da ƙullinsa, da gwangwanin madara cike da maɓallai. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, har maigidana ya leƙo ya ga ko lafiya.

Sai maganar keken ɗinki da ka ce a aiko wa 'yarka Ummi, takwarar Inna. Ban ƙi ba, amma akwai abin da nake so ka sani. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, tun da mijinta ya rasu, a keken nan take ɗinkin da take ciyar da 'ya'yanta. Inna ce ta koya mata, kuma kullum da rana takan tashi ta ba ta kujerar. Ita ba ta roƙe ni ba, ba kuma za ta roƙa ba. Ni ce dai na ga kamar a bar mata shi. Ka yi tunani.

Ka gaida matarka da yara.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direba, mun gode. Amin, Allah Ya kai haske kabarinta.

Maganar atamfofi ba ta ba ni mamaki ba. Kin manta takalmin makarantata da ta bai wa ɗan mai gadi, ta ce wai ya matse ni, alhali ni ban ji matsi ba? Ko rigunan da take ɗinka mana, hannu har ya rufe yatsu, in ka yi ƙorafi ta ce, "Ai girma za ka yi, ɗan nan." Na shiga aji huɗu da rigar da aka yi min a aji ɗaya, tana warware kalmasar kaɗan kaɗan. Abokaina har buhu suke ce min.

Amma Yaya, maganar keke ki yi haƙuri. Da keken nan aka yi mana karatu, da shi na zama malamin da nake yau. Ke kina kusa, kin yi jinyarta, kina wuce ƙofar ɗakinta kullum. Ni fa me na tsira da shi? Ko hula ban ɗauko ba. Ga Ummi, tun da muka dawo take tambaya yaushe keken kakarta zai iso. Har ta share masa wuri a falo, kusa da taga, ta hana ƙannenta wasa a wurin. Inna da bakinta ta taɓa ce mata nata ne in ta girma.

Ina tausayin Maman 'Yan Biyu, Allah Ya sani. In Allah Ya hore, sai mu haɗa hannu mu nema mata wani nan gaba. Wannan kam ki ɗaure shi da kyau ki ba direba.

Ki gaida maigida da 'ya'yana.

Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na ji, kuma ban ga laifinka ba. Tun kana goye in ka kafe a kan abu ba mai ɓamɓare ka, ni da na goya ka na sani.

Na ɗaure keken. Maman 'Yan Biyu ce ma ta taya ni. Ta goge shi, ta ɗiga masa mai, ta cire allurar ta naɗe a takarda don kar ta karye a hanya. Ta ce in faɗa wa Ummi sai an fara tura ƙafar da hannu kafin a taka, in ba haka ba cinye zare yake. Da na ba ta haƙuri sai ta ce, "Haba Yaya, kayan gado ne fa. Abin da Inna ta yi min ai ya isa." Direba ya ce sai ranar da motarsa ba lodi sosai, shi ya sa keken yake nan a baranda a lulluɓe.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da na gani, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ka san Inna da fitar da keke baranda da sassafe. Kai ka bar gida da wuri, ba ka ga yadda abin ya koma ba. Duk yaron da zai wuce makaranta da yagaggen wando ko tsinkakken maɓalli, kiransa take. "Kai, zo nan! Haka za ka je gaban malam?" Ta ɗaura masa zane, ya tuɓe, ta zuge wandon a keke, ta kuma tura masa abin karyawa in ta ga bakinsa a bushe. Ba ta taɓa karɓar komai ba. Har iyaye suka saba, in kaya ya yage sai su ce, "Ka biya ta wurin Inna." Da idonta ya yi rauni, Maman 'Yan Biyu ke zura mata zare, daga baya ma ita ke takawa, Inna na gefe tana faɗa, wai ɗinkin ya karkace.

To, yaran nan ba su daina zuwa ba. Jiya na fito shara na tarar da su a tsaye a baranda, suna kallon keken a ɗaure. Maman 'Yan Biyu na zaune a kan dakali da allurar hannu, tana ta fama da wandon wani, ga layi, ga ƙararrawar makaranta ana bugawa. Na ce mata, "Ke kuwa ki sallame su mana, za su makara." Ta ce, "Yaya, a ƙofar Inna zan kori yaro da yagaggen wando?" Wata 'yar ƙarama kuma ta ja min zane ta ce, "Keken ma ya rasu ne?" Na shige ciki na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar.

Ban rubuto don in karya maka zuciya ba. Kewar Inna kake, ni ma haka. In ka ce a ɗora, za a ɗora. Ina jiran amsarka kafin direba ya shirya.

Ka shafa min kan Ummi.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a ɗakin malamai, dole na fita waje don kar a ga idona.

Da na koma gida na karanta wa Ummi. Ta je ta daɗe tsaye a wurin da ta share. Can ta dawo ta ce, "Baba, in an kawo shi nan, wa zai zo da yagaggen wando? Mu ai a saman bene muke, ba mai wucewa ta ƙofarmu." Ta yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma ita ta ce in rubuto.

Ki kwance igiyar. Ki ce wa Maman 'Yan Biyu ta mayar da allurar, keke nata ne, halak malak. Sharaɗin Ummi ɗaya, in an yi hutu za ta zo a koya mata.

Ni kuma roƙona ɗaya. Washegarin isowar takardar nan da safe, in yaran sun taru ta fara takawa, ki kira ni, ki ajiye wayar kusa da keken. Ba sai kin ce komai ba. So nake in ji ƙararsa kafin in shiga aji.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya bar mu tare.

Ƙanenki, Auta