Daɓen Katako da Bokitin Inna

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan Makka sai godiya. Inna ta yi ƙiba, maiɗakina Suhaila na nan da ɗinkinta, 'yarki Kausar ta shiga aji biyar.

Yaya, ƙaninki ya bar unguwar Rusaifa. Na kama hayar shugga, wato sashe guda a bene, hawa na shida, a tsakiyar gari, inda Inna za ta taka da ƙafarta har Harami ba sai an tare taksi ba. Amma abin da ya sa nake tafiya ina ɗaga kafaɗa shi ne daɓen. Ba tayil ba ne, katako ne na gaske, ja, sumul, har fuskarki za ki gani a ciki. Mai gidan, wani dattijo Abdulilah, da farko ya ƙi ba ni. Ya ce ya san mu Hausawa, da ruwa muke wanke gida, katako kuwa in ya sha ruwa kumbura yake. Shekara ashirin ina sayar da darduma da kafet, kin san bakina. Na yabi katakon nan har ya ji kamar ɗansa nake yabo. Ya yarda, amma ya ce zai leƙo bayan mako guda, in ya ga alamar ruwa mu kwashe kayanmu. Ga shi na riga na mayar da makullin Rusaifa.

Ranar da muka tare, ina cikin shigo da kaya sai ga Inna ta fito daga banɗaki da bokiti cike. Ta ce ba za ta sa goshinta inda ba ta san wanda ya taka da takalmi ba, dole a kwara ruwa a kore da tsintsiya, yadda take yi tun muna yara. Na kawo mata maganar malamai cewa wurin da ba a ga najasa ba mai tsarki ne, ta ce ba malaman ne za su yi sujada a nan ba. Ko ruwa, ko in mayar da ita Rusaifa.

Kasuwa ta koya mini kada in yi musu da irin wannan fuska. Na lallaɓa na karɓi bokitin, na roƙe ta ta ba ni zuwa la'asar. Na je shago na kwaso sababbin kafet a cikin ledarsu, na sa ta yage ledar da hannunta don ta tabbata ƙafa ba ta taɓa hawa ba. Muka shimfiɗa daga bango zuwa bango. A kai ta yi la'asar.

Da Abdulilah ya zo, ya durƙusa ya ɗaga gefen kafet, ya shafa, ya ji a bushe. Ya ce bai taɓa ganin ɗan hayar da ya tufatar masa da katako ba. A tsaye ya sa hannu a takardar hayar shekara biyu.

Sai dai katakon da na yi ta cika baki a kansa yanzu ba mai ganinsa. Na bar taku biyu a buɗe a bakin ƙofa, in kin zo Umra nan zan fara tsayar da ke. Inna kan tsura wa wurin ido, shi ya sa Suhaila ta ɓoye bokitin.

Ki gaida Malam, da Baba Awwalu, da Hudaifa da amaryarsa. Inna ta ce tana sa ku a addu'a duk ɗawafi.

Ƙaninki mai gidan katako,
Sabi'u