Takardar Da Na Sa Wa Hannu

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Bari in fara da gida, don na san shi za ki fara tambaya. Babanki da sauƙi, sai gwiwar nan tasa ta hagu, kuma ya ƙi shan magani wai yana sa shi barci. Yayanki lafiya lau, yana zuwa garejinsa. Matarsa tana fama da mura. Kyanwarki ta haifi 'ya'ya huɗu a cikin kwandon wankinki, ban kore ta ba. Ni kuwa idan aka tambaye ni, sai in ce lafiya.

Yau kwana goma sha tara ke nan da suka shiga maɗaba'a suka tafi da ke. Mai maɗaba'ar ya ce kina tsaye a gaban inji, ko wanke tawadar hannunki ba su bari kin yi ba. Ya ce laifinki takardun nan ne da kuka buga, masu kiran jama'a su taru a gaban majalisa su ce ba su yarda da sabuwar doka ba. Na tambayi Lauyarki wace doka ce. Ta ce ita ce wadda ta ba hukuma damar riƙe mutum kwana casa'in ba tare da ya ga alƙali ba. Wato dokar da kuka ce kada a yi, da ita aka riƙe ki.

Lauyar nan Yayanki ne ya samo ta. Ƙarama ce, tabarau ya fi fuskarta girma, amma idan ta buɗe baki sai ki ji kamar ta shekara sittin. Ta shigar da ƙara don a tilasta su kawo ki kotu, an sa rana nan da mako uku. Ita ce ta ce mini an yarda a rubuto miki, amma akwai mai buɗewa ya karanta kafin ta iso gare ki. To, kai mai karantawa, ina gaishe ka da aiki. Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura hamsin na koya.

A kan ragowar takardun da kike kawo mini daga wurin aiki nake rubutu, a bayan faranti, kamar yadda muke yi. Na aiko da rigar sanyi mai ruwan toka da man shafawa. Ki rufe ƙirjinki, kin san halinsa. Ki ci duk abin da aka ba ki, ba wurin yanga ba ne.

Akwai wata magana da nake son gaya miki, amma hannuna ya gaji. Sai wani jiƙon.

Taki,
Innarki

*

Autata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta waɗanda kuke ɗaki ɗaya. Gida lafiya. Murar ta bar matar Yayanki ta koma kan Babanki.

Hannuna bai gaji ba ranar nan. Ƙarya na yi miki. Kunya ce ta hana ni, kuma yau dole in faɗa, don Lauya ta ce gara ki ji daga bakina kafin ki ji a kotu.

Kwana biyu bayan an tafi da ke, mutum uku suka zo gida da hantsi. Babanki yana asibiti, Yayanki yana gareji. Suka birkice ɗakinki, suka ɗauki kwamfutarki da littattafai da akwatin takardu. Babbansu mai ladabi ne, sai Mama yake ce mini, har ya tsawata wa wanda ya taka tabarmata da takalmi. Da za su tafi ya fito da takarda shafi uku, ya ce lissafin kayan da suka ɗauka ne, don kada wani abu ya ɓata. Ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, ya ce Mama kawo babban yatsa.

Auta, maƙwabta sun cika ƙofar gida suna kallo. Shekara talatin ina dangwala yatsa, a asibiti, a makarantarku, a ko'ina, ina goge shi a gefen zane. Sai na ture gwangwanin, na ce masa ni na iya rubutu, 'yata ta koya mini. Ya ce ma sha Allah, ya miƙo biro. Na duba layin farko, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Na san idan na ce zan karanta sai rana ta raba, ga mutane, ga shi yana duba agogo. Sai na juya shafukan kamar na karanta, na rubuta sunana a ƙasa. Ya fita da kyau, ban taɓa rubuta shi da kyau haka ba. Har daɗi na ji.

Jiya Lauya ta zo da kwafin takardar. Shafin farko ne kawai lissafin kaya. Sauran biyun shaida ce da sunana, wai na ga kina tara mutane a ɗakinki kuna shirya ƙona ofishin gwamnati, wai na yi miki faɗa kin ƙi ji. Da ita za su nemi alƙali ya bar ki a hannunsu. Lauya ta ce da yatsa na dangwala, da sai sun kawo wanda ya karanta mini a gaban shaida, kuma ba su da shi. Amma tunda na sa hannu da biro, za su ce na karanta na yarda.

Ke kika zauna da ni shekara biyu, kin dawo daga aiki a gajiye, kina riƙe mini hannu. Abin da kika ba ni, da shi na ɗaure ki. Ki yafe mini.

Lauya tana so in tsaya a kotu in faɗi yadda aka yi. Kawunki ya zo ya yi ta faɗa, wai in na ƙaryata hukuma a bainar jama'a, gobe Yayanki za su ɗauka, ko su rufe garejin. Babanki kuwa, da Kawu ya tafi, sai ya ce in fito masa da rigarsa ta fita a goge.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko na faɗa ne.

Innarki mai laifi

*

Autata, 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri. Babanki ya warware daga mura, gwiwa dai tana nan. 'Yan kyanwa sun buɗe ido.

Amsarki ta iso ana gobe kotu. An shafe rabinta da baƙar tawada, amma an bar mini inda kika ce, "Inna, ki karanta a hankali, babu mai korar ki." Abin da kike ce mini kullum a kan faranti. Na yi kuka, sannan na yi dariya, sannan na ci abinci.

Ba su kawo ki ba. Wai motarsu ce ta lalace. Na yi ta kallon ƙofar gefe har wuyana ya ƙage. To bari in ba ki labari, tunda ba ki gani ba.

Ɗakin bai kai girman da nake zato ba. Benci shida, fanka ɗaya mai kuka, taga ɗaya ba gilashi. Alƙalin dattijo ne mai furfura a gira, yana rubuta komai da hannunsa. Aka kira ni, na hau ɗan akwatin katako. Na faɗi abin da ya faru kamar yadda na rubuta miki.

Sai lauyan gwamnati ya miƙe, wani mai ƙamshin turare. Ya ce Baba, wannan sa hannunki ne? Na ce nawa ne. Ya ce kin iya karatu ko ba ki iya ba, zaɓi ɗaya. Na ce na iya, amma a hankali. Aka yi dariya a baya. Ya miƙo mini takardar ya ce to karanta wa kotu, mu ga hankalin. So yake in karanta tar-tar a ce ƙarya nake, ko in kasa a ce ban san abin da nake faɗa ba.

Na ɗora yatsa a ƙarƙashin layi na fara. Kin san yadda nake yi, ina haɗa baƙi da baƙi, wata kalmar sai na koma sau biyu. Da na kai inda aka ce kina tara mutane a ɗakinki, na ɗago na ce ranka ya daɗe, ɗakin nan gado ne da teburi, idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Da na kai inda aka ce na yi miki faɗa kin ƙi ji, na ce wannan kam ana yi, amma a kan wanke-wanke ne. Har magatakarda sai da ya sunkuyar da kai. Lauyan ya ce ya isa haka. Alƙali ya ce kai ka ce ta karanta, zauna ta gama.

Lauya ta ce minti hamsin na yi a kan shafi biyu. Babu wanda ya ƙara dariya. Da na gama, alƙali ya tambayi jami'in da ya zo gidanmu minti nawa ya tsaya ina duba takardar. Ya riga ya rantse tun farko cewa bai kai minti biyar ba. Yau babu Mama a bakinsa.

Alƙali ya yi watsi da takardar. Ya ce majalisa tana iya yin doka, amma ba ta iya rufe ƙofar kotu ga ɗan ƙasa. Ya ba da umarni a sake ki cikin kwana biyu. Babanki ya miƙe tsaye ba sanda, bai ma sani ba.

Na wanke zanin gadonki na shanya. Sai kin zo.

Innarki

*

Autata,

Ina gaishe ki da haƙuri. Kowa lafiya a gida, sai dai babu mai cin abincin kirki. Garejin Yayanki an liƙa masa takarda an rufe, wai ba shi da izini, bayan shekara tara yana wurin. Kawunki ya zo ya ce ai ya faɗa. Yayanki ya ce in gaya miki kada ki sa wannan a ranki, yana gyara a bakin titi kuma masu mota sun bi shi can.

Yau kwana goma sha ɗaya da umarnin alƙali. Kullum da safe ni da Lauya muna bakin ƙofar ƙarfe ta inda suke tsare da ke. Takardar kotu tana cikin jakata a leda, na karanta ta har na haddace. Mai gadi ya ce shi ba ya aiki da takarda, sai an bugo waya daga sama. Na ce masa ashe akwai wanda ya fi alƙali sama. Ya ce Mama ki je gida. Shi kuma alƙalin mun ji an ɗauke shi an kai wata kotu mai nisa, inda ake shari'ar iyakar gona. Lauya ta shigar da sabuwar ƙara, amma ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, yana iya kai wata biyu, yana iya wucewa.

Shekaranjiya da la'asar wani sabon jami'i ya zo da takarda. Ya ce idan na sa hannu a matsayin mai tsaya miki, a ranar za ki kwana a gida. Ya miƙo biro tun kafin ya zauna.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa ruwa, na ɗauko farantina da tabarau. Ya ce Mama sauri nake. Na ce ni kuma ba na sauri. Babanki ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana ba shi labarin gwiwarsa. Sai da inuwa ta kai katanga na gama.

Ga abin da ke ciki, na kwafe miki a bayan wannan takarda baƙi da baƙi, ki duba da idonki. Na ɗaya, kin amsa cewa kin yi laifi kuma hukuma ta yi miki afuwa. Na biyu, ba za ki ƙara taɓa injin buga takarda ba, ba za ki yi magana da 'yan jarida ba. Na uku, za mu janye ƙara, mu ce ba mu da wani ƙorafi. Na tambaye shi ina aka rubuta cewa alƙali ya riga ya sake ki. Ya ce wannan ba ya ciki. Na ce na lura.

Ban sa hannu ba. Na ce ya dawo ranar Alhamis.

Auta, kada ki ɗauka jarumta ce. Da ya fita sai da na bi shi har zaure, saura kaɗan in kira shi. Idan zuciyata za a bi, da na sa hannu sau goma, in kin dawo ki yi ta fushi da ni, ina dai ganinki kina fushin. Ina tuna ƙirjinki, ina tuna simintin da kike kwana a kai. Lauya ta ce kada in sa, Kawunki ya ce in sa. Amma ba Lauya ce a ciki ba, ba Kawu ba, ba ni ba. Bakinki ne da sana'arki ake nema. Sau ɗaya na sa hannu a kanki ban karanta ba. Yanzu na karanta, amma ke ba ki karanta ba.

Idan kin ce in sa, zan sa, kuma duk wanda ya ce kin ji tsoro, da ni zai yi. Idan kin ce a'a, zan mayar masa da bironsa, in ci gaba da zuwa bakin ƙofa da ledata har su gaji da ganina.

Kai kuma mai karantawa, mun daɗe tare. Na san kai ka bar mini layin nan ranar nan. Takardar da na kwafa taku ce, ba sirri ba ce. Ka bari ta gani.

Ki karanta a hankali, 'yata, babu mai korar ki. Amma ki yi ƙoƙari amsarki ta iso kafin Alhamis.

Taki har kullum,
Innarki