Sandar Mama da Babban Yatsanka

Auta,

Na fita aiki kana ta sharar barci. Jiya da ka ce ka tafi tattakin da likita ya sa ka, a bencin mai gasa nama na hango ka, baki duk maiƙo. Sannu da motsa jiki!

Ka daina cewa amosanin gaɓɓai ka gada. Gwiwar Mama tsufa ne ya cinye ta, amma kullum sai ta zagaya unguwa. Kai kuwa jan nama da lemon kwalba ne suka kumbura maka yatsan ƙafa.

Ga dafaffen ganye a tukunya. Sandarta da ka ɗauke, ka mayar mata yanzu. Ita tafiya take yi da ita, ba neman tausayi ba.

Yayarka