Yabo Ba Neman Ƙari

Yaya Kangwa,

Gaisuwa mai yawa daga Johannesburg. Ya ƙafar Mama? Ruwa ya sauka a Kasama? Mu lafiya lau, ki kwantar da hankalinki.

Sai dai maigidana Chisanga ya tsinto wata kalmar Turanci a wajen aiki, "superb", wai abin da ya kai ƙarshen kyau. A littattafan soyayyata sau ɗaya namiji ke furta ta, muryarsa na rawa. Shi kuwa kullum sai ya faɗe ta a kan tuwona, ya ɗan taɓa, ya wanke hannu. Kin san mazanmu ba sa yabon tuwo da baki, ƙari suke nema. Da can har ƙanzo yake kankarewa.

Jiya da gangan na hana miyar gyaɗa gishiri. Na ce, "Maigida, ya miyar?" Ya ce, "Superb, amarya!" Ko yatsina fuska bai yi ba.

Yaya, a tukunyar wa yake ƙoshi? Kada Mama ta ji. Ki aiko min busasshen kifin gida, in gani ko zai nemi ƙari. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Nsama