Ƙorafin Mai Kitso Kan Makin da Aka Ba Rayuwarta

Zuwa ga: Shugaban Sashen Masu Ciwon Daji, Babban Asibiti

Daga: Mai kitso ta layin bayan tasha, majinyaciya a sashenku

Litinin, 9 ga Maris

Game da: Cire sunana daga ɗakin tausa da motsa hannu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina shigar da ƙorafi kan abin da aka yi min a sashen da kake shugabanta. Ni ce aka cire wa maman dama a watan Agustan bara, na kuma kammala maganin da ake ƙara min ta jijiya a watan Janairu. Tun lokacin hannuna na dama yake kumbura, shi ya sa aka sa ni cikin masu zuwa tausa duk Talata.

1. Ranar 17 ga Fabrairu wata nas ta zaunar da ni a baranda, ta ce za a auna yadda rayuwata take bayan magani. Ba a shigar da ni ɗaki ba. Mijin 'yata, wanda ya kawo ni, yana tsaye a kaina riƙe da jakata. Ta tambaye ni ciwo, barci, wanka, har da abin da nake ji idan na kalli ƙirjina a madubi. Ranka ya daɗe, wace mace ce za ta amsa wannan a gaban suruki? Na ce da sauƙi, na ce alhamdulillahi, ita kuwa tana ta zabga min maki.

2. Da wannan makin aka rubuta cewa na murmure. Ranar 24 ga Fabrairu na je tausa, aka ce sunana ya fita, aka miƙo min takardar sallama. Ina sanar da ofishinka cewa "da sauƙi" amsar gaisuwa ce. Mahaifina ma ya faɗe ta da hantsi, da la'asar aka kai shi makwancinsa.

3. An tambaye ni ko ina iya cin abinci da kaina. Ina iyawa. Ba a tambaye ni sana'ata ba. Hannun nan ya yi kamar taɓarya, yatsuna sun mutu, kibiyar tsaga sai ta faɗi ƙasa ban ji ta kuɓuce ba. Makon jiya jikata ta zauna a gabana don kitson makaranta, na kasa kai layi ɗaya ƙeya. Yarinyar ta miƙe ta ce min ta fasa, wai dama kanta na ciwo. Ta ɗauka ban gane ba. Matan da na yi wa kitson aurensu yanzu gaishe ni suke yi daga bakin ƙofa, su wuce gidan wata.

4. Da na kai kuka ga likitan da ke aiki a ranar da aka ce sunana ya fita, ya ce in gode wa Allah da na rayu. Na gode Masa tun kafin likitan ya tuna min. Godiyata tsakanina da Ubangijina ce, ban yarda a kore ni daga layi da ita ba.

Don haka ina roƙon a maido da sunana, a sake yi min tambayoyin a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, daga ni sai mace 'yar'uwata, a kuma ƙara tambaya kan aikin da mutum yake yi da hannunsa.

Takardar sallamar da aka miƙo min ba zan sa mata hannu ba. Gobe Talata za a same ni a bencin ɗakin tausa, mayafi a janye daga kan hannun don duk mai wucewa ya gani. Na riga na yi magana da matan da muke bin layi tare, mun daidaita: daga yau kowacce aka tambaya za ta faɗi inda yake mata ciwo, ko da za a yini ana rubutu.

Ina jiran matakinka cikin ladabi. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,

Uwar Kitso
(da hannun hagu na sa hannu)