Ribar Won Dubu Goma

Daejeon, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Yaya kabejin bayan gida, ya yi kyau bana? Na kira ki jiya, kika yi ta cewa "wane ne?" har kika kashe. Tunda kin ƙi sa na'urar kunnen nan, na koma takarda. Gara ma haka, don abin da zan faɗa ba na ɗaga murya a waya ba ne.

Surukinki ya ci tara. Baban Seul-gi, mutumin da ke kashe na'urar sanyaya mota a tsakiyar zafi don kada mai ya ƙone, shi kyamara ta kama yana zabga gudu a gaban makarantar firamare, inda yaro ma ya san ba a wuce talatin. Kin san inda za shi? Wani sabon kanti ne ya buɗe a ƙetaren kogi, ya yi shelar kyautar kiret ɗin ƙwai ga waɗanda suka fara shiga. Ya samo ƙwan kuwa. Ya shigo da shi rungume a ƙirji kamar ya ɗauko jariri daga asibiti.

Ke ba ki tuƙi, bari in gaya miki yadda abin yake. Takardar tara tana zuwa da sunan mai mota, da zaɓi biyu. Ko mutum ya biya a matsayin mai mota, ba wanda zai tambayi wa ke riƙe da sitiyari. Ko kuma ya kai kansa wurin 'yan sanda ya ce shi ne direban, a rage masa won dubu goma, amma a rubuta laifin a kan lasisinsa, inda masu inshora ke leƙawa. Kowa a garin nan na farkon yake biya ya yi shiru. Shi kuwa ido ya ɗora a kan ragin nan, kuɗin kwanon taliya ɗaya, ya kasa ɗaukewa.

Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya taka da ƙafa har can. Da bakinsa ya ba ni labari, yana dariya, wai 'yar sandar da ke kan tebur ta ce masa, "Baba, ka tabbata? Ka dai yi tunani." Shi a ganinsa baƙin ciki take masa. Garin alfaharin ne ma ya suɓuce ya faɗa min cewa wannan ce ta biyu, ta bazara ma haka ya yi bai gaya min ba.

Na ce masa, "Baban Seul-gi, inshora fa?" Ya ce, "Ke dai tsaya a kan tukwanenki. Ni da na yi ritaya a sashen kuɗi za a koya wa lissafi?" Na tsaya a kan tukwanena. Ranar Lahadi ya bi abokansa hawan dutse, ya raba musu wannan dabarar tare da dafaffen ƙwai.

Ina nan tafe Asabar kamar kullum, da maganin gwiwar. Jikarki Seul-gi tana gaishe ki daga Incheon.

'Yarki,
Yeon-sil

Daejeon, farkon Nuwamba

Mamana,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Da fatan sanyin bai kama ki ba. Matar mai unguwa ta kira ni ta ce ranar Asabar kin zauna a kan dakalin ƙofar gida tun hantsi, kin ƙi shiga har rana ta faɗi, duk motar da ta shawo kwana sai kin miƙe. Ta ce abincin da kika jera mana a tebur ya huce a wurin. Na yi kuka a ɗakin girkin makaranta, a gaban abokan aikina, ban ji kunya ba.

Ga abin da ya faru. Lokacin sabunta inshora ya zo. Madam Gu, wadda ke yi mana ita duk shekara, ta kira shi ta faɗa masa sabon kuɗin. Ina kusa, na ji yana cewa, "An yi kuskure dai." Ta ce babu kuskure, laifin gudu biyu ne a kan sunansa, ɗaya ma a gaban makaranta, kuma shi da kansa ya je ya sa hannu. Ƙarin ya ninka ragin da ya samu ban san sau nawa ba, kuma ba bana kaɗai zai biya ba. Ta ce masa, "Da ka tambaye ni kafin ka tafi, ai kiran waya kyauta ne." Wannan kalmar ta kyauta ita ta fi yi masa ciwo.

Kin ɗauka zai sunkuyar da kai? Ya zagi kamfanin inshora, ya zagi gwamnati, ya zagi wanda ya gina makaranta a bakin titi. Mutum ɗaya ne bai taɓa ba, shi kansa. Da ya gama sai ya fito da magani: a sayar da motar. Wai ya cika sittin da biyar, jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta ne gare shi yanzu, mota kuwa rami ce da ake zuba kuɗi. Na ce, "Mama fa?" Ya ce, "Ba bas?" Bas ɗin da sai an canza sau uku, wanda ke shiga ƙauyenku safe da yamma kawai. Ya ce idan na je sau ɗaya a wata ma ai an yi zumunci.

Motar sunansa take ɗauke da shi, ko da yake rabin kuɗinta daga wanke-wanken da nake yi a makaranta ya fito. Safiyar Asabar na gama ɗaura kaya na nemi makulli, ashe yana aljihunsa, har da na ajiya. Wai dillali zai zo ya duba, kada tafiya ta ƙara wa motar kilomita ta rage mata daraja. Na kira ki, ba ki ji ba. Na kira matar mai unguwa, ba ta ɗauka ba. Dillalin kuma bai zo ba sai Litinin.

Mama, na zauna da rowarsa shekaru masu yawa ina kiranta tsimi. Yakan wanke ledar kanti ya shanya, na yi shiru. Yakan kwaso sukari daga gidan shayi, na kau da kai. Amma da na tuna ki a kan dakalin nan, sai na dube shi yana ɓare ƙwai a gaban talabijin, na ji babu ko ɗigon girmansa da ya rage a idona. Ba fushi nake ba, raini ne, kuma ya fi fushi sanyi.

Kada ki taɓa kabejin ke kaɗai. Kimchin hunturun bana, kabejin nan namu mai gishiri da barkono da ake adanawa, da ni za a yi shi, ko ta wace hanya.

Taki,
Yeon-sil

Daejeon, tsakiyar Nuwamba

Mamana,

Barka da sanyi. Da fatan tarin ya lafa, kuma kina kunna ɗumin ɗaki ba kina tsimin mai irin na wasu ba.

An sayar da motar. Kada gabanki ya faɗi, karanta har ƙarshe.

Dillalin ya duba ya yi tayinsa, surukinki ya ce zai kwana a kai. Ni kuma kwasar adashenmu na matan ɗakin girki ta faɗo kaina wannan watan, na haɗa da ɗan abin da na ajiye. Da safe na kawo masa shinkafa da miya, na zauna na ce, "Na samo mai saye da ya fi dillalinka." Ya ajiye cokali ya ce, "Da nawa?" Na ce, "Da won dubu goma." Ya ce wane ne. Na ce ni ce.

Na ba shi dama, Mama. Na zuba masa ido ina jira ya ji kunya, ya ce haba, ke da motarki, ɗauki makulli. Da ya faɗi haka da na yafe masa har da Asabar ɗin da ya hana ni zuwa wurinki. Leɓensa ya yi ta motsi yana lissafi, sannan ya ce, "Kuɗin canza suna fa, wa zai biya?" Na ce ni. Ya miƙo min hannu muka gaisa kamar a kasuwa. Da yamma na ji shi a waya yana gaya wa abokinsa ya fi dillali wayo.

Madam Gu ta yi min sabuwar inshora da sunana. Lasisina fes yake, shekarun da na yi ina tuƙi kuma an lissafa min su, sai ga kuɗin bai kai wanda aka yanka masa ba. Ta tambaye ni ko a sa maigida cikin masu tuƙi. Na ce direba ɗaya. Ta ce, "Hakan ma ya fi araha." Na ce to ai shi zai fi kowa murna.

Jiya yake tambayata ƙarfe nawa za mu tashi Asabar, don ya san ranar kimchi akwai dafaffen nama. Na ce masa jirginsa kyauta ne, ya hau ya je iyakar inda ya tsaya.

Ki ce matar mai unguwa ta taya ki zuba wa kabejin gishiri ranar Juma'a. Barkono da tafarnuwa suna wurina. Kuma kada ki fito ƙofar gida, ki zauna a ɗaki cikin ɗumi. Na san ba za ki ji hon ba, ni zan shigo in taɓa kafaɗarki.

'Yarki mai ƙaunarki,
Yeon-sil